Talabijin na bango, wayoyi na reto, hom tiyata ta ƙi magana

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Kano, gidan haya nake zaune. Watan jiya na sayi talabijin mai inci 55, na kira mai gyara ya kafa mini shi a bangon falo. Ina da dikodar dish da hom tiyata mai sifika biyar da wufa tun lokacin aurenmu. Mai gyaran ya jona hom tiyatar da talabijin da wayar nan mai kai ja da fari, amma shiru kake ji, sai dai in na sa Bluetooth daga wayata. Ya ce wai ba su dace da juna ba, in sayi sabuwa. Ga talabijin ya manne da bango, hannu ba ya shiga bayansa. Ga wayoyi biyar na reto, ɗanmu mai shekara ɗaya da rabi har ya taɓa janyo dikodar ta faɗo kusa da kansa. Idan na taɓa ƙarfen bakin wayar HDMI sai in ji yana ɗan ja na, kuma tsohon talabijin ɗinmu ta nan ya lalace a daminar bara. Maiɗakina ta ce ko dai a sauke shi a mayar kan tebur ko ta daina barin yaron a falo, har mun fara samun saɓani. Mai gidan kuma ya ce kada a fasa masa bango. Shin asarar kuɗina na yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya mana yaro, ya ci gaba da tsarewa. Ba ka yi asara ba, kuma kada ka fitar da ko kwabo wajen sayen wata hom tiyata tukuna. A duk abin da ka zayyana babu alamar wani kaya ya mutu. Aikin ne aka faro daga wutsiya: an rataye talabijin kafin a jona shi, an kuma jona shi ba tare da an karanta abin da ke rubuce a gefen ramukan ba.

Maganar maiɗakinka gaskiya ce, kuma ya kamata ta ji haka daga bakinka. Ita ke wuni da yaron, ita ta ga faɗowar dikodar. Yaro ɗan shekara ɗaya da rabi tsayinsa kusan santimita 80 ne, in ya yi ɗage ya miƙa hannu yana kaiwa mita ɗaya, kuma duk abin da ya gani yana lilo sai ya ja. Inda za mu ɗan saɓa da ita shi ne mayar da talabijin kan tebur, domin faffaɗan talabijin da ke tsaye kan 'yan siraran ƙafafu ya fi saurin rikitowa kan yaro fiye da wanda aka kafa da kyau. Bangon ya fi, amma ba yadda yake a yanzu ba. Daga daren yau ka ɗauke ekstenshan daga ƙasa, ka naɗe wayoyin ka ɗaure su sama da inda hannunsa ke kaiwa, a riƙa kashe soket duk lokacin da babu babba a falon, har ranar da za a yi aikin.

Ranar aikin ku zama ku biyu. A kashe komai, a zare filogi daga soket. Yawancin hangogi, wato ƙarfen da ake rataye talabijin a kai, suna da ƙananan noti biyu ko 'yar igiyar ja a ƙasa da ke kulle talabijin, a kwance su, a ɗaga shi sama kaɗan sannan a janyo. A riƙe shi ta gefe, kada yatsa ya danna gilashin, a kifa shi kan katifa ko bargo mai kauri. Ka ɗauki hoton bayansa da wayarka yadda rubutun zai fito sarai, ka ɗauki na bayan hom tiyatar da na dikodar. Sannan a mayar masa da ƙafafunsa a ɗora shi kan tebur. Duk gwajin da za mu faɗa, a kan teburin za a yi shi, inda ido ke ganin rami hannu kuma ke kaiwa.

Ka duba ramukan nan ja da fari da mai gyara ya sa wa waya. Kusan tabbas za ka ga an rubuta AV IN ko COMPONENT IN a gefensu. Ƙofar shiga ce, ta nan talabijin ke karɓar sauti daga tsohuwar na'urar DVD ko dikoda, ba ya fitar da komai ta nan. Tsofaffin talabijin masu tozo da yawa suna da ja da fari na fita, shi ya sa hannun wasu masu gyara ya saba. Na yanzu akasari sun daina zuwa da su. An haɗa ƙofar shiga da ƙofar shiga ke nan, kowacce na jiran ɗayar ta yi magana. Tunda Bluetooth na aiki, injin hom tiyatarka da sifikokinta lafiyarsu ƙalau.

Talabijin na zamani yana fitar da sauti ta hanyoyi uku, kuma bayan hom tiyatarka ne zai gaya maka wadda za ka bi.

Ta farko, wadda ta fi kowacce, ita ce HDMI mai ARC. A cikin ramukan HDMI biyu zuwa huɗu da ke bayan talabijin, guda ɗaya tak za ka ga an rubuta ARC ko eARC a gefensa. Shi kaɗai ne ke iya mayar da sauti baya zuwa hom tiyata. An shigo da ARC ne a 2009 tare da HDMI 1.4, don haka na'urori da yawa da aka yi bayan nan suna da shi. Idan ramin HDMI OUT na hom tiyatarka yana ɗauke da rubutun ARC, to ka samu: waya ɗaya daga nan zuwa ramin ARC na talabijin, dikodar kuma ta koma wani ramin HDMI daban. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar dikoda zaune a ramin ARC saboda shi aka fara gani. Bayan an jona, akwai abu uku da sai an taɓa. A saitin talabijin a kunna CEC, tsarin da ke sa na'urori su ba juna umarni ta wayar HDMI, wanda kowane kamfani ya raɗa wa nasa suna: Samsung na kiransa Anynet+, LG SimpLink, Sony Bravia Sync, Panasonic Viera Link, wasu kuma CEC ɗin kawai suke rubutawa. A sashen sauti a sauya mafita daga sifikar talabijin zuwa ARC ko na'urar waje. A rimot ɗin hom tiyata kuma a yi ta danna maɓallin FUNCTION ko INPUT har fuskarta ta nuna ARC, TV ko D.IN. In an dace, rimot ɗin talabijin ne zai riƙa ƙara murya da ragewa, hom tiyatar ta riƙa kunnuwa da mutuwa tare da shi.

Idan an yi duk wannan aka ji shiru, kada a yanke hukunci da wuri. A zare filogin duka na'urorin na minti biyu, a cire wayar HDMI ta dikoda, a kunna talabijin da hom tiyata su kaɗai, domin wasu dikodoji suna rikita saƙon CEC. In har yanzu shiru ne, a canza wayar. Bakin HDMI yana da 'yan haƙora 19, saƙon CEC na bi ta na 13, sautin ARC na bi ta na 14, kuma akwai siraran wayoyi masu araha da ba a haɗa waɗannan a cikinsu ba. Irin wannan waya za ta kawo hoto tangaram amma ARC ba zai taɓa aiki da ita ba. Wayar da aka rubuta High Speed a jikinta ta isa dikoda da ARC. Premium High Speed ta 4K ce, Ultra High Speed kuwa sai mai na'urar wasa irin PlayStation 5 ke bukatarta. Mita biyu zuwa uku ya ishe ka. Waya ta fara wuce mita biyar ne ake fara ganin hoto na ɗaukewa yana dawowa.

Hanya ta biyu ita ce wayar haske. A bayan talabijin wani ɗan rami ne mai kusurwa huɗu da 'yar ƙofa, an rubuta OPTICAL ko DIGITAL AUDIO OUT. Hom tiyata mai OPTICAL IN za ta karɓa kai tsaye. Sabuwar wayar tana zuwa da 'yar hular roba a kowane kai, ƙarama ce ƙwarai, mutane da yawa ba sa lura da ita, sai su yi ta tura waya da ƙarfi har ƙofar ramin ta karye. A cire hular, a daidaita kan da siffar ramin domin ta fuska ɗaya yake shiga, a tura a hankali har a ji ƙas. Ga gwaji mai sauƙi: ka sa kai ɗaya a talabijin yana kunne, ka haska ɗaya kan a tafin hannunka. Ganin jan haske na nufin talabijin na aikawa. Zaren da ke cikin wayar ba ya son lanƙwasa mai tsanani, a bar ta ta yi kwana a sake. Sai a je saitin sauti a zaɓi OPTICAL, a nemi inda aka rubuta Digital Audio Format ko makamancinsa. Idan hom tiyatar na da tambarin Dolby Digital a gabanta, a zaɓi Auto ko Dolby Digital. In ba ta da shi, ko aka ji shiru, ko ƙara mai shuu kamar ruwan sama kan kwano, a mayar PCM. A wannan hanyar galibi rimot ɗin hom tiyata ne ke riƙe da murya.

Hanya ta uku ta masu hom tiyatar da ba ta da komai sai AUX ja da fari ce, kuma da yawan waɗanda ke kasuwanninmu haka suke. Idan talabijin na da ramin abin sa wa kunne, ɗan zagayen nan mai milimita 3.5, sai a sayi waya mai siririn kai ɗaya a gefe guda, ja da fari a ɗaya gefen. A ɗaga muryar talabijin zuwa kusan kashi uku cikin huɗu, a riƙa daidaitawa daga hom tiyata, hakan na rage tsakin da ake ji a ƙasan sauti. In babu wannan ramin, akwai ɗan akwati kamar na ashana da ke karɓar wayar haske ya fitar da ja da fari, ana samunsa wajen masu kayan lantarki a Kasuwar Sabon Gari. Ka karanta jikinsa kafin ka biya, ya zama Digital to Analog, domin akwai mai yin akasin haka kuma kamanninsu ɗaya. Wutar volt 5 yake ci, ramin USB na talabijin ya ishe shi. Irin wannan akwatin PCM kaɗai yawancinsu ke ganewa, to a tabbata saitin yana kan PCM.

Akwai abin da za ka iya gwadawa da wayar da ke hannunka da zarar an sauke talabijin. Zare ja da farin daga talabijin, ka sa su a ja da farin bayan dikoda, waɗanda su na fita ne, ka sa hom tiyata a AUX. Sautin tashoshi zai fito nan take. Illar hanyar biyu ce: YouTube da duk abin da ke cikin talabijin ɗin kansa ba za su bi ta nan ba, sannan murya kan riga leɓe da ɗan kaɗan saboda talabijin na ɗaukar lokaci yana sarrafa hoto. Bluetooth kuma akasin haka yake yi, murya ce ke makara. Don waƙa da karatu babu laifi, don kallon ƙwallo ko labarai yana gundura. Idan aka ga irin wannan saɓanin a ARC ko wayar haske, akwai saiti mai suna Audio Delay ko AV Sync da ake matsawa kaɗan-kaɗan har su daidaita.

Mu faɗa maka tun yanzu don kada ranka ya ɓaci daga baya: ta ja da fari sauti biyu kawai ke wucewa, na dama da na hagu. Ko ta ARC ma, yawancin tashoshi da biyun suke watsa shirye-shiryensu. Don haka in ka ji sifikokin baya sun yi ƙasa-ƙasa ko sun yi tsit lokacin labarai, ba lalacewa ba ce. Maɓallin SOUND MODE ko SURROUND na rimot yana da zaɓin da ke rarraba sautin ga duka biyar ɗin.

Jan da kake ji a bakin HDMI kuwa, shi ya fi damun mu a wasiƙarka. Dikoda da talabijin da yawa suna da 'yan na'urorin tace wuta a ciki da ke sakin wuta 'yar kaɗan zuwa ƙarfen jikinsu. A gidan da atin ɗinsa, wato wayar kariya da ke kai wuta ƙasa, ke aiki, wannan wutar ƙasa take bi ba wanda zai ji ta. Inda babu atin, ko aka yi amfani da ekstenshan mai waya biyu a ciki duk da ramukansa uku, sai ta taru a jikin ƙarfe, har mita ta iya nuna kusan volt 100. Ƙarfinta kaɗan ne, shi ya sa ja kawai kake ji, amma ɗan tartsatsin da take yi lokacin da bakin waya ya taɓa rami ya isa ya ƙona ƙwaƙwalwar da ke kula da HDMI. Saboda haka doka ta farko a gidanka: ba a sa wayar HDMI, ba a zare ta, sai an kashe na'urorin biyu daga soket. Ta biyu, a kira ƙwararren mai wayarin ya auna soket ɗin falon da mita, ya tabbatar atin ya isa can kuma ba a juya wayar wuta da ta dawowa ba. In jan ya wuce ɗan tsikari, ya kai ga fizgar hannu, a daina amfani da kayan gaba ɗaya har ya zo, domin wannan matsala ce ta gaske kuma akwai yaro a gidan.

Tsohon talabijin ɗinku da ya tafi a damina, hanyar da abin ya bi sananniya ce. Dish na sama a fili, tsawa ko da ba a kansa ta faɗa ba tana cusa wuta mai ƙarfi cikin wayarsa, ta bi ta dikoda, ta bi HDMI, ta ƙare a talabijin. Kashe makunnin soket ba ya tare wannan hanyar. In hadari ya haɗo da walƙiya, a kashe dikoda, a kwance wayar dish daga bayanta, a zare filogi. Wannan wayar tana ɗauke da volt 13 ko 18 da dikoda ke aika wa kan dish, don haka ko a ranar da babu hadari ba a ɗaura ta dikoda na kunne, silin ƙarfe ɗaya ya taɓa tsakiyar sai sigina ta ɗauke.

Duka kayan uku su sha wuta daga wuri ɗaya, ekstenshan mai kyau mai waya uku. Raba su a soket daban-daban na daga cikin abin da ke kawo gurnanin nan mai huuu a wufa. In ka ji shi, kwance wayar dish ka saurara. Ya ɗauke, to ta nan yake shigowa, mai wayarin zai haɗa atin ɗin dish da na gidan. Tsakanin soket da ekstenshan a sa abin kariyar da ake kira TV guard, wanda ke yanke wuta in ta yi yawa ko ta yi ƙasa, ya kuma ɗan jira bayan an kawo wuta kafin ya saki. In unguwarku mai fama da ƙarancin ƙarfin wuta ce, sitabilaiza mai 1000VA ta isa. Kada lambar wat dubu-dubu da ke jikin kwalin hom tiyata ta tsorata ka, ainihin abin da take ci yana rubuce a 'yar takardar da ke manne a bayanta, kuma kayanka uku a haɗe da wuya su wuce wat 300. Lokacin tayar da janareta a bar shi ya daidaita kafin a kunna soket ɗin falo, a kuma kashe soket ɗin kafin a kashe shi.

Sai an ji sauti ya fito a kan tebur sannan a koma bango. Hangar da aka sa maka irin mai mannewa ce, tazarar santimita biyu zuwa uku take bari. Ta dace da talabijin da ramukansa ke kallon gefe, amma in suna kallon bango kai tsaye, kan wayar HDMI kaɗai ya fi wannan tazarar tsawo, sai bango ya riƙa danna shi har ramin ya saki daga allon ciki. Shawararmu ka canza zuwa hanga mai sunkuyawa, wadda ke barin santimita biyar zuwa shida, hannu na shiga, iska na wucewa, abin da ke da amfani a zafin Afrilu na Kano. Mai dogon hannu da ake janyowa tana da daɗi, sai dai in an miƙe ta nauyin da ke kan notin sama yana ninkuwa, kuma bulon gidajen haya ba kowanne ke jure haka ba. Don ramukan da ke kallon bango a sayi ɗan gwiwar HDMI mai kwana. Iri biyu ne, mai digiri 90 da mai 270, ɗaya na kai waya ƙasa ɗaya sama, to ka nuna wa mai shago hoton da ka ɗauka don kada ka kawo wanda zai juya maka waya sama.

Ka auna tazarar ramukan noti huɗu da ke bayan talabijin kafin ka je kasuwa. A masu inci 55 akan samu milimita 200, 300 ko 400, notin kuma M6 ko M8. A fara ɗaura kowane noti da yatsu. Wanda ya cije tun kansa bai kama ƙarfen hanga ba ya yi tsawo, a ƙara masa washa ko a nemi gajere, kada a matsa da sukundireba, bayan ramin nan allon lantarki ne ko gilashin kansa.

Wajen huda bango, kada a huda daidai saman soket ko makunni ko a layinsu ta gefe, nan wayoyin gida ke bi a cikin filasta. Bulo mai rami ne a yawancin gidajenmu. In bakin injin huda ya yi santimita uku ya faɗa fanko, fisha gama-gari, wato robar da ake cusawa a rami don ta riƙe noti, ba za ta kama sosai ba, a matsa zuwa inda bulon yake cike, ko a sa fishar da ke dunƙulewa ta bayan ramin. Bakin inji mai milimita 10, fisha mai milimita 10, noti mai tsawon santimita shida zuwa takwas, aƙalla huɗu, shida ya fi. In garin da ke fitowa jar ƙasa ce, ginin laka ne aka shafe da siminti, a dakata, wannan bango ba na rataye talabijin da fisha ba ne. Bayan an ɗaure a ɗora ma'aunin magina mai ruwa a ga ta miƙe, sannan babban mutum ya kama hangar ya ja ƙasa da ƙarfinsa. Talabijin ɗinka bai kai kilo 20 ba, hangar da ta motsa a hannun mutum ba a ɗora mata shi.

A ƙa'ida tsakiyar allo kan zo daidai idon wanda ke zaune a kujera, wajen santimita 105 zuwa 110 daga ƙasa. Tsayin talabijin mai inci 55 kusan santimita 70 ne, ke nan gindinsa zai sauko inda ɗanka zai riƙa buga masa cokali. A gidanka mun fi son tsakiyar ta kai santimita 135 zuwa 140, a sunkuyar da shi kaɗan. Fiye da haka wuya zai riƙa ciwo, musamman ga masu zama kan kafet.

Wayoyin kuma tirankin ne maganinsu, kwaroron farar robar nan mai murfi da masu wayarin ke bi da shi ta saman bango. Ba ya bukatar fasa komai. Kada a sayi siriri mai milimita 16, kan HDMI kaɗai faɗinsa ya kai milimita 20. A nemi mai 40 da 25, ko mai 50. Gam ɗin da ke bayan wasu yakan saki in zafi ya yi, ko ya ɗaye fenti ranar tashi, don haka a kama shi da ƙananan noti da fisha duk bayan santimita 40. Wayar wuta ta bi nata tirankin daban, ko a sayi mai ɗaki biyu a ciki. In wayar wutar talabijin ba ta kai soket ba, kada a yanke ta a ƙara da salatif a cusa cikin kwaroro. Mai wayarin zai iya ɗaga maka sabon soket na saman bango a bayan talabijin da waya mai milimita 2.5, a cire shi ranar da za ku tashi. Kowace waya a bar mata rarar kamar taƙi ɗaya a bayan talabijin don sunkuyar da shi kada ya ja ramin, a kuma ɗaure su a jikin hanga yadda nauyinsu ba zai rataya a kan ramuka ba. Ka liƙa 'yar takarda a kawuna biyu na kowacce ka rubuta sunanta. Ka kuma saka wayar HDMI ɗaya ta ajiya tun yanzu, a jone a talabijin, kanta na ƙasa a naɗe, don ranar da za a kawo wata na'ura ba sai an sake sauke shi ba.

Dikoda ta hau ɗan kanta da aka kafa a bango gefen talabijin, sama da santimita 120, gabanta a buɗe don rimot ya gan ta. Ekstenshan ma a kafa shi can sama, yawancinsu suna da ramukan rataya a baya. Injin hom tiyata ya shiga kabad mai ƙofa da bayansa ke buɗe, a bar masa tazarar santimita goma ta sama, kada a ɗora masa komai ko a lulluɓe shi da kyalle yana kunne. Lokacin hunturu a riƙa share ƙurar ramukan iskarsa da busasshen buroshi. In sifikokinka dogayen nan ne masu tsayuwa, a ɗaure kowacce da bango ta sama, su ma yaro na iya kayar da su.

Sifikar tsakiya, mai ɗauke da maganar mutane, ta zauna daidai ƙarƙashin talabijin, ta dama da ta hagu a gefensa da tazara ɗaya, na baya biyu a gefen kujera ko ɗan bayanta, sama da kunnen mai zama kaɗan. Wufa a ƙasa kusa da bangon gaba. Wayoyin na baya su bi gindin bango cikin siririn tirankin, su haura ta saman ƙofa, kada su ratsa ƙarƙashin kafet inda ake takawa. In sun gaza, a ƙara da wayar tagulla mai milimita 1.5. Ka kankare silin ɗaya da wuƙa a shagon, in cikinsa fari ne, alminiyam ne aka shafa wa tagulla, ka bar ta. Kowace waya tana da gefe mai layi ko launi, shi ke zuwa jan maɓalli a injin da kuma a sifika. In an juya ɗaya, sauti zai fito amma ya zama holoƙo, ƙarfin gangar ya ragu. A murɗe silin kowane kai sosai kafin a sa, domin sili ɗaya da ya tsallaka ya taɓa maƙwabcinsa shi ke sa injin ya rubuta PROTECT ya kashe kansa.

Game da mai gidan, ka same shi kafin a fara, ka nuna masa cewa 'yan ramukan noti ne, ba sara ba, kuma za ka cike su ka shafa fenti ranar tashi. Shi ma atin ɗin gidansa ne za a duba, amfaninsa ne. Maiɗakinka kuma ta kasance a wurin lokacin da ake auna tsayin kanta da inda tirankin zai bi, ita ta san inda yaron ke hawa da abin da yake takawa.

Ranar ratayewa a jona duk wayoyin a bayan talabijin tun yana hannun mutum biyu kusa da bango, a ɗora, a kulle notin ƙasa, a kunna a sake gwada tasha da YouTube da rimot, sai an ga komai daidai sannan a rufe murfin tirankin. In ka bi hanyoyin nan uku a kan tebur babu wadda ta ba da sauti, ka turo mana hotunan bayan na'urorin da lambar samfurin kowacce, tana kan takardar da ke manne a baya, mu duba tare kafin ka je kasuwa.